Nasarar wasanni a jami'o'in Amurka: yadda take kama zukatan matasa da yadda take shafar zaɓin makaranta

1. Gabatarwa

Ga wanda ya yi karatu bisa tsarin Faransa, wasa da jami'a abubuwa ne biyu da ba su cika gamuwa ba. A Faransa, kamar a nan Nijar, manyan ƙungiyoyin ƙwallo na gari ne, ko na ma'aikata, ko na kamfani. A Amurka kuwa jami'a ita kanta tana da ƙungiya, tana da filin wasa, kuma miliyoyin mutane na kallon ɗalibanta a talabijin. Filin jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Manufar wannan maƙala ita ce mu bayyana abu biyu: ta yaya nasarar ƙungiya take sa matashi ya ɗauki wata jami'a tamkar tasa tun bai shige ta ba, kuma har ina wannan ƙauna take kai shi idan lokacin zaɓin makaranta ya zo. Za mu kula musamman da abin da harshe ke nunawa, domin a cikin maganar magoya baya ne aka samu ɗaya daga cikin hujjojin farko na wannan al'amari.

2. Asalin tsarin

Gasar farko tsakanin jami'o'in Amurka tseren kwale-kwale ce, wadda Harvard da Yale suka yi a 1852, kuma wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta don ya jawo matafiya. Ke nan tun daga tushe wasan jami'a da talla a haɗe suke. A ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake ɗauka a matsayin farkon ƙwallon ƙafa na jami'o'i. A 1906, sakamakon yawan raunuka da mace-macen ƴan wasa, aka kafa hukumar da ta ɗauki sunan NCAA a 1910, wadda ke tsara dokokin gasa.

Shekarar 1984 tana da muhimmanci ga batunmu. Kafin ita, hukumar NCAA ce ke riƙe da ikon sayar da wasannin ƙwallon ƙafa ga gidajen talabijin, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace ƙungiya. A watan Yuni na wannan shekara Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wannan tsari ya saɓa wa dokar gasar kasuwanci. Daga nan jami'o'i da haɗakarsu suka samu damar yin ciniki da kansu, yawan wasannin da ake nunawa ya ƙaru ƙwarai, sunayen jami'o'i kuma suka riƙa shiga gidajen da ba a taɓa jin su ba.

3. Abin da ake kira « tasirin Flutie »

Wata biyar bayan wannan hukunci, a ranar 23 ga Nuwamba 1984, Boston College ta kara da jami'ar Miyami, wadda ke riƙe da kambin ƙasa na kakar da ta gabata. Saura daƙiƙa 6 a tashi, Miyami na gaba da maki 45 ga 41, sai Doug Flutie ya jefa ƙwallo daga wajen tsakiyar fili, abokinsa Gerard Phelan ya cafe ta a bayan layin ƙarshe. Aka tashi 47 da 45. An nuna wasan kai tsaye a duk faɗin ƙasar, kuma a wannan shekara Flutie ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ƴan wasan jami'o'i. A cikin shekara biyu na wannan lokaci, takardun neman shiga Boston College suka ƙaru da kusan kashi 30 bisa 100. Tun daga nan ake kiran irin wannan ƙari da sunan ɗan wasan.

Sai dai labarin ya fi hujjar da ke ƙarƙashinsa ƙarfi. Ma'aikatan jami'ar da kansu sun nuna cewa masu neman shiga sun daɗe suna ƙaruwa kafin zuwan Flutie, saboda an gina ɗakunan kwanan ɗalibai, an ƙara tallafin karatu, an kuma shiga neman ɗalibai daga jihohi masu nisa. Irin wannan matsala ta sake bayyana a jami'ar Alabama. A zamanin mai horarwa Nick Saban, daga 2007 zuwa 2023, ƙungiyarta ta ɗauki kambin ƙasa sau 6, yawan ɗalibai kuma ya tashi daga kimanin 25,000 zuwa sama da 38,000, galibin sabbin daga wajen jihar. Amma a daidai wannan lokaci jami'ar tana aika wakilai zuwa wasu jihohi, tana ba ɗalibai masu hazaƙa tallafi mai tsoka, bisa shirin da ta soma tun kafin zuwan Saban. Idan abu biyu suka faru tare, misali ɗaya ba ya isa a gane wanne ya haifi wanne.

4. Abin da bincike ya tabbatar

Don kauce wa wannan tarko, masana tattalin arziki sun kwatanta jami'o'i masu yawa a tsawon shekaru. Devin Pope da Jaren Pope, a aikinsu na 2009, sun gano cewa jami'ar da ta ƙare cikin 20 na farko a ƙwallon ƙafa, ko cikin 16 na ƙarshe a gasar ƙwallon kwando, tana samun ƙarin masu neman shiga daga kashi 2 zuwa kashi 8 bisa 100. Ƙarin ya fi girma a jami'o'i masu zaman kansu, kuma cikin sabbin masu neman akwai masu maki sosai da masu maki kaɗan a jarrabawar SAT. A wani aiki na 2014 sun nuna waɗanda abin ya fi tasiri a kansu: samari, baƙar fata, mazauna wasu jihohi, da waɗanda suka yi wasa a makarantar sakandare. Bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne na jan hankali, wato nasara tana sa sunan jami'a ya faɗo wa ɗalibi a rai a daidai lokacin da yake jera makarantun da zai nema.

Doug Chung na Harvard, a 2013, ya ɗauki nasarar wasa a matsayin talla. Ya lissafa cewa idan ƙungiya ta tashi daga matsakaiciya zuwa gwana, masu neman shiga suna ƙaruwa da wajen kashi 18 bisa 100, kuma da jami'a za ta nemi irin wannan ƙari ta hanyar rage kuɗin makaranta, sai ta rage kusan kashi 4. Michael Anderson kuwa, a 2017, ya yi wata dabara: ya yi amfani da hasashen masu caca don ya ware nasarar da ba a zata ba daga wadda kowa ke jira. Ya samu cewa cin wasa na ƙara masu neman shiga da kuma gudummawar tsofaffin ɗalibai.

Wajibi ne a nan mu bambanta neman shiga da shiga. Ɗalibin Amurka yakan aika takarda zuwa jami'o'i da dama a lokaci guda, don haka ƙara suna ɗaya a jerin ba ya da tsada. Yanke shawarar inda zai tafi kuwa ya dogara ga kuɗin makaranta, da tallafin da aka ba shi, da nisan gida, da fannin da yake so. Ke nan wasa yana buɗe wa jami'a ƙofar shiga jerin, sauran sharuɗɗan su ne ke yanke hukunci a yawancin lokuta. Ribar jami'a ita ce ta samu taro mafi yawa da za ta tace.

5. Wakilin suna da biyayya

Ta yaya mutumin da bai taɓa taɓa ƙwallo ba yake ɗaukar nasarar wasu tamkar tasa? A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ya shafi masanin harshe kai tsaye. Da farko sun ƙidaya, a jami'o'i 7, ɗaliban da ke sanye da riga mai sunan makarantarsu ranar Litinin, suka ga sun fi yawa idan ƙungiyar ta ci wasa a ƙarshen mako. Daga nan suka buga wa ɗalibai waya suna tambayar sakamakon wani wasa. Idan an yi nasara, wakilin suna na mutum na ɗaya jam'i ya fi fitowa, wato « mun ci ». Idan ba a yi ba, sai a koma ga mutum na uku, wato « sun faɗi ». Abin da ya fi jan hankali shi ne, kafin tambayar an yi wa ɗaliban wata ƴar jarrabawa, aka ce wa wasu sun yi ƙoƙari, wasu kuma an ce musu sun kasa. Waɗanda aka ce sun kasa su ne suka fi nuna wannan bambanci. Wanda darajarsa ta ɗan taɓu shi ya fi buƙatar jingina ga nasarar wani, kamar yadda Hausawa ke cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Ingilishi, harshen da aka yi binciken da shi, ya fi dogara ga zaɓi biyu, mu ko su. Faransanci na da « on a gagné » da « ils ont perdu », inda « on » ke iya nufin mu, ko kowa. Hausa ta fi rarrabewa, domin « an » na ɓoye mai aiki ba tare da ya maye gurbin « mun » ba. Mai goyon bayan da aka doke ƙungiyarsa yana da aƙalla hanyoyi uku. Yana iya cewa « an ci mu », inda ya ɓoye wanda ya yi nasara amma ya bar kansa cikin waɗanda aka ci. Yana iya cewa « an sha kashi », inda ba a san ko da shi ko ba da shi ba. Yana kuma iya cewa « sun sha kashi », inda ya tsame kansa gaba ɗaya. A ganinmu waɗannan sigogi uku suna iya zama ma'aunin biyayya da ya fi na Cialdini daki-daki. Muna da fagen gwada shi a gida: gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tahoua a 1975, inda ɗan jiha kan ce « mun ɗauki takobi » alhali ƙafarsa ba ta taka yashin fili ba.

6. Shekarun da zuciya ke kamuwa

Daniel Funk da Jeff James, a 2001, sun kasa tafiyar mai goyon baya zuwa mataki huɗu: sanin ƙungiya, sha'awarta, shaƙuwa da ita, sannan biyayya mai ɗorewa. Nasara tana aiki sosai a matakai biyu na farko. A mataki na ƙarshe kuwa faɗuwa ba ta cika girgiza mutum ba, shi ne mai cewa « an ci mu » ya kuma dawo fili mako mai zuwa. Dangane da shekaru, Seth Stephens-Davidowitz ya nazarci bayanan Facebook a 2014, game da ƙungiyoyin ƙwararru na wasan besbol, ya ga cewa ƙungiyar da ta ɗauki kambi lokacin da yaro ke da wajen shekara 8 ita ta fi samun damar riƙe shi har girmansa. Idan haka yake ga ƙungiyoyin jami'a, to yaron da iyayensa ke kai shi fili ya kan zaɓi ɓangare shekara 10 kafin ya cika takardar neman shiga. Wannan ya bambanta shi da ɗalibin da ya ji sunan jami'a sau ɗaya a talabijin yana ajin ƙarshe: na farko biyayya ce ta gado, na biyu jan hankali ne da ke iya gushewa da kakar wasa.

7. Abin da ake biya

Tallar ba kyauta ba ce. Bisa alƙaluman NCAA na 2019, cikin jami'o'i 130 na babban rukunin ƙwallon ƙafa, 25 ne kawai sashen wasanninsu ya samar da kuɗin da ya zarce abin da ya kashe. Sauran sukan cike giɓin da kuɗin jami'a ko da harajin da ake ɗora wa ɗalibai. Akwai kuma asarar karatu: Jason Lindo da abokan aikinsa, a 2012, sun duba makin ɗaliban jami'ar Oregon daga 1999 zuwa 2007, suka ga cewa a kakar da ƙungiya ke yawan cin wasa makin maza na raguwa idan aka kwatanta da na mata, mazan kuma sun amsa cewa sukan ƙara shan giya da zuwa shagali. Tun daga 1 ga Yuli 2021 an yarda ƴan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, a watan Yuni 2025 kuma wata kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan su kai tsaye, wanda ya ƙara nauyin kuɗin. Akwai jami'ar da ta ƙi wannan hanya tun da wuri: Shikago ta rushe ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa a 1939, zamanin shugabanta Robert Hutchins, martabarta ta ilimi kuma ba ta ragu ba.

8. Kammalawa

Abin da ya fito daga waɗannan ayyuka shi ne tasirin nasarar wasa gaskiya ne, amma girmansa bai kai yadda labarin Flutie ke nunawa ba, kuma ya fi bayyana a yawan masu neman shiga. Ga matashi, haɗarin shi ne ya ɗauki « mun ci » na ranar Asabar a matsayin shaida kan ingancin koyarwa, ya ci bashin karatu a kan haka. Ga mu masu nazarin harshe, aikin da ke gabanmu a fili yake: a ɗauki muryoyin ƴan kallo da na masu sharhi a rediyo lokacin gasar kokowa, kafin kaye da bayan kaye, a ƙidaya « mun », « an » da « sun », a ga ko rarrabewar da muka kawo a sashe na 5 za ta tsaya. Muna fata ɗaya daga cikin ɗalibanmu zai ɗauki wannan a matsayin batun kundinsa.