Duluth: garin da ake fita cikin ƙanƙara don a gaisa da jirgin ruwa

Duk mai yawan zagaye a TikTok ko YouTube tsakanin Disamba da Janairu da wuya bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyon ba. Wani ƙaton jirgin ruwa ne ke fitowa daga cikin hazo, goshinsa ya yi fari fat da ƙanƙara kamar an zuba masa kindirmo ya daskare, yana tafiya a hankali zuwa ƙarƙashin wata gadar ƙarfe da ta ɗage sama. A gefe ga mutane nan tsaye, kowa ya naɗe kansa sai ido, suna ɗaga hannu. Can sai jirgin ya saki wani hon mai kauri wanda ko ta lasifikar waya sai ka ji shi a ƙirjinka. Kafin ƙarar ta gama mutuwa, gadar ma ta amsa masa.

Yawancin waɗannan bidiyoyin daga wuri ɗaya suke fitowa: Duluth, wani gari mai mutum wajen dubu 86 a jihar Minesota ta arewacin Amurka. Kuma abin da zai ba ka mamaki, ruwan da kake gani ba teku ba ne. Tafki ne.

Sunansa Superior, kuma a faɗi babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya. Murabba'in kilomita 82,000 ne da 'yan kai, wato a ɗauki jihar Kano sau huɗu a jera. Wurin da ya fi zurfi ya haura mita 400. Duluth na can ƙarshensa ta yamma, kuma daga nan jirgi zai iya bin tafkuna da koguna har ya faɗa Tekun Atlantika, tafiyar kusan kilomita 3,700. Shi ya sa a tsakiyar nahiya, inda ko ƙanshin teku babu, za ka ga jirgi ɗauke da tutar wata ƙasa ta Turai ya zo lodin alkama.

To amma masu kallon sun raba jiragen gida biyu. Akwai baƙi, 'yan teku, waɗanda suke wa laƙabi da "masu gishiri". Su waɗannan kafin ƙarshen shekara sun tattara sun gudu, don kada a rufe hanyar fita teku da su a ciki. Sai kuma 'yan gida, jiragen da aka ƙera don tafkunan kaɗai. Su ne taurarin hunturu. Goma sha uku daga cikinsu tsawonsu ya kai ƙafa dubu, mita 300 da ɗoriya ke nan, kusan filin ƙwallo uku a jere. Babbansu, Paul R. Tregurtha, wanda ya fara aiki a 1981, tsawonsa mita 309 ne, kuma yana ɗaukar tan 68,000 a lodi ɗaya. Ka lissafa da tirela mai tan 30: sama da tireloli 2,000 ne a cikin jirgi guda, kuma ma'aikatan da ke tafiyar da shi ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Waɗannan manyan ba za su taɓa ganin teku ba, ko sun so. Mashigan da ke kaiwa Atlantika ba sa ɗaukar jirgin da ya wuce kimanin mita 225. A tafkunan aka haife su, a nan za su tsufa. Kuma suna tsufa sosai, tunda babu gishirin da zai cinye ƙarfensu da tsatsa. Akwai jirgin dakon siminti mai suna Alpena da aka ƙera a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya shigo wannan ƙarnin yana aikinsa. Jirgin teku kuwa in ya yi shekara talatin an fara yi masa maganar gwangwan.

Abin da ya sa Duluth ta fi sauran tashoshi daɗin kallo shi ne mashigin. An haƙa shi ne a 1871, faɗinsa mita 90 kawai, alhali faɗin babban jirgi mita 32 ne. Idan kana tsaye a kan katangar gefe, jirgin zai wuce ta gabanka kamar doguwar unguwa ce ta tashi tana tafiya, kusa har ka yi wa ma'aikaci magana ya ji. A kan mashigin gadar take. An gina ta a 1905, aka sāke mata fasali a 1930 ta zama mai ɗagawa, inda titin gaba ɗaya yake tashi sama mita 41 jirgi ya bi ta ƙasa. Mutanen unguwar Park Point, da ba su da wata hanyar mota sai ita, sun saba: in ka makara wurin aiki ka ce gada ce ta tare ka, ba mai musu da kai.

Gaisuwar ma tana da ƙa'ida. Kyaftin zai busa dogo ɗaya, gajeru biyu, mai kula da gada ya mayar masa daidai. Akwai kuma babbar gaisuwa, dogaye uku da gajeru biyu, ita ba kullum ake yin ta ba. Kowane jirgi da muryarsa, kuma 'yan gani-kashe-nin kallon nan suna gane jirgi tun daga hon ɗinsa. Wanda ya fi farin jini a soshiyal midiya shi ne James R. Barker, mai wata murya biyu a haɗe, kamar bajimin sa da kakaki sun yi baki ɗaya. Ga kuma wani gidan tarihi a bakin mashigin, shiga kyauta, inda ake sanarwa ta lasifika: ga sunan jirgin da ke zuwa, ga shekarar ƙera shi, ga abin da ya ɗauko.

Yanzu tambayar ita ce, me ya kai jirgi cikin ruwa a lokacin da sanyi ke kai digiri 20, wani lokaci har 30, ƙasa da sifili? Amsar ranar wata ce: 15 ga Janairu.

Bari in warware maka. Tafkin Superior ya fi tafkin da ke ƙasa da shi tudu da kimanin mita 6. Don haka a garin Sault Ste. Marie, kan iyakar Amurka da Kanada, aka gina wata matakalar ruwa. Jirgi zai shiga wani dogon ɗaki, a rufe ƙofofi, a rage ruwa ko a ƙara, ya sauka ko ya hau, sannan a buɗe masa ya wuce. Kowace shekara ana rufe wannan wurin ranar 15 ga Janairu don gyara, yawanci ba a buɗewa sai 25 ga Maris. Mako goma cur babu shiga babu fita.

Shi kuma babban kayan da jiragen ke ɗauka tama ce. A arewacin Duluth akwai yankin ma'adinai na Mesabi, inda ake fasa wani dutse mai tauri da ake kira takonait, a niƙa shi, a zare ƙarfen da maganaɗisu, a mulmula shi ƙananan ƙwallaye kamar gujiya, a gasa. Jirgin ƙasa ya kawo su tasha, a zuba a jirgin ruwa, ya yi kusan kwana uku ya kai su masana'antun ƙarfe na wurare irin su Gary da Cleveland. Murhun narka ƙarfe kuwa ba risho ba ne da za ka kashe yau ka kunna gobe. Dole ya ci gaba da ci har cikin makonni goman nan. Ke nan kafin a rufe ƙofa sai an tara musu tsibin tamar da za ta kai su Maris. Duk jirgin da ka gani ya shigo Duluth sanye da rigar ƙanƙara a farkon Janairu, tsere yake da kalanda, yana neman ya ƙara sahu ɗaya.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. Ɗaki ɗaya tak, mai suna Poe, shi ke iya ɗaukar manyan jiragen nan. Wani nazari da Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta yi a 2015 ya ƙiyasta cewa in ya lalace na wata shida ba zato, mutum miliyan 11 na iya rasa aikinsu, domin ƙarfen motoci da firji da injina duk ta nan tamarsu ke bi. Shi ya sa ake gina na biyu mai girmansa a gefe.

Farar rigar nan da ke jawo dubban laik kuwa, ga ma'aikatan jirgi ba ado ba ce. Igiyar ruwa ce ke dukan goshin jirgi, feshin ya tashi, iska mai sanyi ta daskarar da shi nan take a kan ƙarfe. Awa bayan awa yana taruwa har ya zama nauyi mai yawa a saman jirgi, inda ba a son nauyi. Ga santsi, ga murafan rumbunan kaya sun manne. Kafin a yi lodi sai ma'aikata sun fito da tiyon ruwan zafi da guduma sun yi ta fama. Hayaƙin nan mai kyau da ke tashi daga kan ruwa da sassafe shi ma ba wani abu ba ne illa alamar cewa iskar ta fi ruwan sanyi nesa ba kusa ba. Ruwan da ke dab da daskarewa shi ne mai ɗumi a wurin, ka ji fa. Mutum ya faɗa ciki, mintuna kaɗan hannuwansa za su daina yi masa biyayya.

Mutanen Duluth sun san wannan, don a gaban idonsu ya taɓa faruwa. Ranar 28 ga Nuwamba 1905, guguwa ta koro wani jirgi mai suna Mataafa ya juyo yana neman mafaka. Yana dab da shiga mashigin igiyar ruwa ta maka shi da katanga, ya dāre gida biyu a wurin da mutanen gari ke hango shi ƙuru-ƙuru. Dubban mutane suka taru a gaɓa, suka hura wuta, suka kwana suna kallo, ba halin kai ɗauki. Da gari ya waye aka ceto mutum 15 da ke ɓangaren gaba. Tara da ke baya sun mutu, akasarinsu sanyi ne ya kashe su. A daidai inda ake tsayawa yau ana ɗaukar bidiyo.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Edmund Fitzgerald. Ya tashi daga Superior, garin da ke maƙwabtaka da Duluth, ranar 9 ga Nuwamba 1975 da tama sama da tan 26,000. Washegari da dare, cikin guguwa, ya ɓace daga na'urar hange ba tare da ko kiran neman agaji ba. Mutum 29 ne a ciki, ba a samu gawar ko ɗaya ba. Jirgin da ke bin bayansa a daren, Arthur M. Anderson, ya riga ya kai wurin fakewa, amma da aka roƙi kyaftin ɗinsa ya koma neman masu rai, ya juya ya sāke shiga guguwar. Anderson, ƙirar 1952, ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan haka. Ranar 10 ga Nuwamba 2020, shekara 45 cif da abin, ya shigo Duluth da dare dusar ƙanƙara na zuba, ya busa babbar gaisuwa, gada ta amsa. Nemi wannan bidiyon. A ganina duk cikin bidiyoyin tashar babu kamarsa, kuma in ba ka san labarin ba za ka ɗauka hon ne kawai.

Tafkin kansa ba kasafai yake daskarewa gaba ɗaya ba, ya yi girma da yawa. A 2014 ya kusa rufewa ruf, har jiragen farkon kaka suka riƙa tafiya a ayari bayan jirgin fasa ƙanƙara. A hunturun 2024 kuma ƙanƙarar ta yi ƙaranci ƙwarai. Amma cikin tashar, inda ruwa ba zurfi kuma ba ya motsi, nan kam tana kamawa, sai jirgin dakarun tsaron gaɓa da ƙananan jiragen ja sun yi ta kai-komo suna farfasa hanya.

Ga mai son gani da idonsa, ba sai da biza ba. Akwai kyamarori da ke nuna mashigin kai-tsaye dare da rana a YouTube, ka rubuta Duluth Harbor Cam. Manhajar MarineTraffic kuma za ta nuna maka inda kowane jirgi yake da lokacin da ake sa ran isowarsa. A hunturu Najeriya da Nijar na gaban Duluth da awa bakwai, don haka fitowar ranarsu, lokacin da hayaƙin ruwan ya fi kyau, tana zuwa ne wajen ƙarfe uku na rana a nan. Shawara dai: duba jadawalin kafin ka buɗe, in ba haka ba datarka za ta ƙare kana kallon gada da tsuntsaye. Jirgin ma in ya bayyana ba ya sauri. Daga ɗigo a nesa zuwa ƙarƙashin gada sai ya ci rabin awa, kuma masu hira a gefen bidiyon, wani daga Jamus wani daga Ostireliya, ba mai gaggawar kowa.

Bayan 15 ga Janairu, jiragen da suka samu tsallakowa a sahun ƙarshe sukan iso Duluth cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan karon ba don lodi ba. Za a ɗaure su a bakin tasha, ƙanƙara ta kewaye su, ma'aikatan da suka yi watanni rabonsu da gida su kama hanya. Sai masu walda da makanikai su karɓi wurin, a sauya farantan ƙarfe, a kwance injina, a gyara bel ɗin sauke kaya, duk cikin wannan sanyin. Gadar takan yi makonni da wuya ka ga ta motsa. Wajen tsakiyar Maris jirgin fasa ƙanƙara zai fito ya fara tsaga hanya, kuma tun kafin 25 ga wata jiragen farko sun bar tasha sun nufi gabas, don ranar buɗe ƙofa ta same su a layi.