Shekarar da muka hana Baba fita

Mahaifina ya haura shekara hamsin a Kumasi yana fataucin goro, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yi sallar Asuba a gida ba. Daga masallaci sai wurin mai koko da ƙosai, daga nan sai bencin dattawa a Aboabo, inda ake sasanta rigimar 'yan kasuwa, ana gardamar siyasar Najeriya kamar gobe za su koma. Da yamma ya tako da ƙafarsa zuwa gida. Haka yake har watan Maris na 2020.

A watan ne Shugaba Akufo-Addo ya hana taruka, aka rufe masallatai da kan iyaka, ranar 30 ga wata kuma aka kulle Akra da Kumasi na mako uku. Likitoci na ta gargaɗi cewa korona ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu ciwon suga da hawan jini. Baba duk ya haɗa ukun. Ni da ƙannena muka yanke shawara: ba fita, ba baƙi, jikoki su riƙa gaishe shi daga bakin ƙofa. Shi kuwa mai gidan, ko tambayarsa ba mu yi ba.

Cutar ba ta kama shi ba, alhamdulillahi. Amma kafin azumi ya kama mutumin ya sauya. Barci da rana, dare kuma ido biyu. A kai tuwo a dawo da shi. Da tafiyar nan ta kullum ta tsaya, sai suga ya hau, gwiwoyi suka sandare. Ranaku ma suka rikice masa, don ashe Juma'a ce ke riƙe masa lissafin mako. Ga shi kunnensa ya yi nauyi, da kallon baki yake gane rabin magana, mu kuma duk mun rufe baki da takunkumi. Sai ya daina tanka mana, muka ɗauka fushi ne.

Ana cikin haka labarin mace-macen dattawa ya riƙa zuwa daga Kano. Cikinsu har da amininsa, wanda suka fara hawa motar goro tare. Ta waya ya yi ta'aziyya, yana ta "Na'am? Me ka ce?" Da ya ajiye wayar sai ya dube ni, ya ce, "Babangida, tsare ni kuke yi ko binne ni?"

Ban sami amsa ba. Matata ce ta samo mafita. Ta ce, "Ka kawo masa huhun goro gida mana." Washegari na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya zauna yana tsince mai sankara, yana sauya ganye, yana yi mini faɗa wai yarana na rumfa ba su iya adana kaya ba (gaskiyarsa ne kuwa). Ranar ya cinye abincinsa tas. Muka maido masa da jikoki da allunansu, nesa kaɗan a sarari, aka koya masa tura saƙon murya ta WhatsApp ga 'yan bencinsu. Bayan La'asar ƙanena ya riƙe hannunsa su zagaya gidan.

Da aka buɗe masallatai ranar 5 ga Yuni, mutum ɗari kacal aka yarda su shiga. Baba ya riga kowa isa, amma da sanda, abin da bai taɓa riƙewa ba. Har yau bai ajiye ta ba, kuma duk sanda na gan ta nakan tambayi kaina ko watannin nan na zama ne suka ba shi ita.

Kan iyakar ƙasa sai a Maris na 2022 aka buɗe. Muka ce ya bari a sama masa jirgi, ya ce a mota ya zo ƙasar nan, a mota zai je. Na raka shi har Kano, ya yi wa iyalan amininsa gaisuwa, shekara biyu bayan rasuwar.