Karanta Caja Kafin Ka Sa

A gidaje da yawa yanzu akwai rediyo, da waya, da fitila mai caji. Kowanne da cajarsa. In ta ɓace, sai mutum ya ɗauko wata, ya ce tun da bakinta ya shiga, shi ke nan. Wannan kuskure ne. Yana ƙona rediyo, har yakan ta da gobara.

To, ga dabara. Juya caja, ka karanta bayanta. Karanta jikin rediyon kuma.

Da fari, nemi harafin V, watau ƙarfin wuta. Za ka ga lamba biyu a caja. Babbar ita ce wutar da take sha daga bango. Wutar Nijeriya 230V ce. Caja mai 120V kaɗai ta Amurka ce, za ta ƙone a nan. Ƙaramar lambar ita ce wutar da take bayarwa. Tilas ta zo daidai da ta rediyo. Kada ka ba rediyo mai 6V caja mai 12V.

Na biyu, nemi harafin A, watau yawan wuta. Lambar caja ta kai ta rediyo, ko ta fi. In ta fi, ba laifi, don ko a kogi doki iya cikinsa yake sha. In ta kasa, caja za ta yi zafi.

Na uku, duba alamar + da −. Wadda ke tsakiya a hoton caja, ita za ta kasance tsakiya a na rediyo.

In ka ji ƙauri, cire maza. In rubutu ya shige maka duhu, tambayi mai gyara. Matambayi ba ya ɓata.