Masu aikin salula a Dakoro: daga rumfar kasuwa zuwa zauren taro

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi da misalin kilomita 120, a inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. A zamanin da, in manomi yana son sanin kuɗin tiyar hatsi a Maraɗi, ko makiyayi yana son jin yadda raguna suka kwana a kasuwar Sakabal, sai ya jira zuwan mota ko ya tambayi fatake. Yau kuwa salula ce yake cirowa daga aljihu. To, amma salular nan akwai masu ɗauke da nauyinta, waɗanda aikinsu ke nan safe da maraice, kuma ba a cika ba da labarinsu ba.

A shekarar 2001 ne wayar salula ta shigo ƙasar Nijar. Kamfanin Celtel ya zama Zain a 2008, ya kuma koma Airtel a 2010. Orange ya fara aiki a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani Telecom. A 2016 gwamnati ta yanke shawarar haɗe Sonitel da SahelCom, suka zama Niger Telecom. Amfanin abin bai daɗe ba ya bayyana. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Yadda suke yini

Mai caji shi ne na farkon buɗe rumfa. Mutanen ƙauye da na ruga suna kawo wayoyinsu, wani ma da na maƙwabtansa cikin jaka ɗaya. Kowace waya sai ya manna mata lamba, ya ba mai ita irinta, don kada a yi musaya. Inda wutar lantarki ba ta kai ba, da faifan hasken rana da batir yake aiki.

Kusa da shi ga mai gyara zaune da ƙarfen dalma da ɗan burushi. Ƙurar hunturu tana toshe bakin caji, zafin bazara yana kumbura batir, gilashi kuma yana fashewa in waya ta faɗo daga kan amalanke. Kayan gyara daga Maraɗi yake sayo su, da yawansu kuwa daga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano suke fitowa, su biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Saboda haka duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, abin ya taɓa teburinsa kai tsaye.

Sai mai sayar da kiredi, da mai tura wa'azi da finafinan Hausa cikin waya, da ma'aikacin gidan aika kuɗi wanda ke miƙa wa tsohuwa abin da ɗanta ya aiko daga ci-rani. Can a daji kuma akwai mai gadin dogon ƙarfen rezo, da ma'aikacin da ke ratsa rairayi don ya zuba wa injin mai ko ya sake batura. Ranar da bai iso ba, ƙauyuka da dama ne za su kwana shiru.

Tafiya zuwa taro

Wani sashe na wannan aiki a kan hanya ake yin sa. Lokaci lokaci takardar gayyata tana zuwa, ana kiran ma'aikacin gwamnati ko na wata ƙungiya zuwa taron ƙara wa juna sani. Daga Dakoro sai ya sauka Maraɗi, ya kama babbar mota da asuba, ya bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Tsakanin Maraɗi da Yamai kilomita fiye da 600 ne, watau yini guda cur a zaune.

A Yamai ne manyan cibiyoyin suke. A can aka buɗe CIPMEN a 2014 don renon ƙananan kamfanoni, a can aka kafa hukumar ANSI a 2017 da shirinta na Niger 2.0, wanda ya haɗa da kai intanet ƙauyuka. A 2020 kuma aka buɗe babban zauren taro na Mahatma Gandhi. Baƙo daga Dakoro yana rataya katin shaida a wuya, ya zauna cikin sanyin na'ura, ya saurari jawabai da Faransanci. Sau da yawa abin da ya fi yi masa amfani a lokacin hutun shan shayi yake samun sa: a nan ake musayar lambobi, a nan ake sanin wanda ya ƙware a wane fanni, a nan ake ƙulla zumuncin da daga baya zai ci gaba ta WhatsApp. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji Hausawa. Injiniya Abdu Maman Kane, wanda ya ƙirƙiro hanyar kunna injin ban ruwa daga nesa ta salula, a taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Daegu na Koriya ta Kudu a 2015 ya karɓi babbar kyautar Sarki Hasan na Biyu.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Wanda ya fi kowa sanin abin da ke kashe waya a Dakoro ba shi ake gayyata ba, don sau da yawa ba shi da takardar shaida kuma ba ya jin Faransanci sosai. Wanda ya je kuwa, in ya dawo ya rubuta rahoto ya sa cikin akwatin ofis, kuɗin mota da na masauki da na guzuri da aka kashe masa sun tafi a banza.

Fada ita ma makaranta ce

Bayan sallar isha'i masu wannan sana'a a fada suke haɗuwa. Ana dafa shayi, na fari da na biyu da na uku, ana hira. A nan ake nuna wa yaro yadda ake buɗe sabuwar waya ba tare da an fasa ta ba, a nan ake gargaɗin juna game da macuta masu aiko saƙon ƙarya wai an ci kyauta, a nan ake haɗa kuɗin sayo kaya don mutum ɗaya ya je a madadin kowa. Duk da Hausa ake yi, shi ya sa abin yake zama a kai.

An riga an ga abin da ake samu in ilimi ya sauko wurin jama'a cikin harshensu. Daga 2010 ƙungiyar CARE ta yi aiki da wasu ƙauyukan Dakoro, inda mutanen gari suka riƙa auna ruwan sama da kansu suna aika sakamakon ta salula. A jihohin Doso da Damagaram kuma, a 2009 da 2010, an gwada koyar da amfani da salula cikin ajin yaƙi da jahilci. Waɗanda aka koya wa haka sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, domin kowane saƙo da suka rubuta bita ce ta karatunsu.

Don haka ya kamata duk ma'aikacin da aka aika taro, in ya dawo, ya tara masu gyara da masu caji da malaman karatun manya, ya mayar musu da abin da ya jiyo da Hausa, ya kuma ɗauki kokensu zuwa taro na gaba. Masu shirya taruka su ma su tuna da Maraɗi da Dakoro, su ware kujeru ga masu aikin hannu. Waɗanda suka gama yaƙi da jahilci kuwa, ga sana'a nan a ƙofar gida: wanda ya iya karanta suna da lamba, ya iya riƙe littafin lissafi, yana da wurin zama a rumfar caji, da teburin gyara, da gidan aika kuɗi.