Ƙaron Barno Da Azurfa: Ledar Da Ke Kashe Ƙwayoyin Cuta

Daga Wakilinmu a Maiduguri

'Yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan, musamman masu fataucin kayan gwari, kun fi kowa sanin zafin asara. Sau nawa tumatir ya baro Arewa lafiya, kafin ya isa kasuwar Mile 12 rabin kwando ya ruɓe? Ƙwayoyin cuta ke wannan ɓarna, leda kuma ba ta hana su.

To, masana kimiyya a ƙasashe da dama suna gwada wata irin leda wadda ake yi da sitaci ko ƙaro, a zuba mata garin azurfa. Garin nan ya fi ƙarfin ido, domin kaurin gashin kai ɗaya ya ninka ƙwayarsa sau ɗaruruwa.

Azurfa ba baƙuwa ba ce a wajen magani. Tun wajen 1881 wani likitan Jamus, Carl Credé, ya riƙa ɗiga ruwanta a idon jarirai don hana makanta, kana tun 1968 ake shafa man da ke ɗauke da ita a kan ƙuna. Aikinta shi ne ta huda fatar ƙwayar cuta, ta hana ta hayayyafa.

Ga inda abin ya shafe mu. A 2004 masana a birnin Pune na Indiya suka nuna cewa ruwan ganyen dogon yaro yana mayar da narkakkiyar azurfa irin wannan gari. Dogon yaro kuwa tun 1928 aka kawo shi Barno, ga shi ya cika titunan Maiduguri. Shi kuma ƙaro yana hana garin cuɗewa wuri ɗaya. Idan an gauraya su da sitaci, sai a shimfiɗa a faranti ya bushe, a ɓamɓaro shi kamar takarda.

Sudan, Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen ƙaro a duniya, kuma Barno da Yobe na cikin manyan wuraren da ake tsaga dakwara da rani. Har tashar bincike a kan ƙaro akwai a Gashuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa masu saye waiwayen wasu ƙasashe. Bugu da ƙari, a Janairun 2024 Gwamnatin Ikko ta hana amfani da farar robar zuba abinci. Watau dai ana neman madadi.

Amma fa a yi hattara. Ledar sitaci ba ta jure ruwa, azurfa na da tsada, kuma tana iya ratsawa cikin abinci. Idan ta taru a jiki fata kan koma toka-toka, shi ya sa hukumomin Turai ke tsanantawa. Sai an ƙara gwaji kafin kowa ya naɗe kilishi da ita.

Babbar matsalarmu tana gida. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba manoma da yawa da dajinsu, masu gawayi kuma suna sare itatuwa. Ƙaron ma ɗanye muke sayar da akasarinsa, wasu su sarrafa su ci riba.

Saboda haka duk mai gona a gida, idan ya aika da kuɗin noma bana, ya sa a dasa masa dakwara ko da a bakin iyaka ne. Cikin shekara 5 za ta fara ba da ƙaro, ta kuma riƙe ƙasa kada iska ta kwashe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.