Akori-kura da Tirela a Hawan Zuru: Inji, Giya da Lissafin Buhu

Da kaka ta kama a ƙasar Zuru, mota ba ta hutawa. Masara da dawa da shinkafa na jibge a gonakin Ribah da Wasagu da Dirin Daji da Mahuta, kowa na son nasa ya isa rumbu ko kasuwa kafin farashi ya juya. Mai akori-kura da ya ga bodin motarsa ya yi masa kaɗan yakan nufi wurin mai walda, a haɗa masa ƙaramar tirela mai taya biyu ko huɗu ya riƙa ja a baya. Wani injin casa yake ja daga gona zuwa gona, wani tankin ruwa, wani babban janareto na haya. A Amurka da Ostareliya akan ɗaura wa irin waɗannan motoci ɗaki mai taya, da gadonsa da kicin da banɗaki, iyali su tafi yawon hutu da shi. Kayan sun bambanta, amma lissafin inji da giya ɗaya ne, kuma hanyoyin Zuru sun fi tsananta shi, domin ƙasa ce ta duwatsu da hawa da gangara, ga burji da ke zama laka da damina.

Tambayar da mai saye ya fi yi wa dillali ita ce, doki nawa ne injin? Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ba ita ke tada kaya daga tsaye ba. Ƙarfin doki yana nuna yawan aikin da inji zai yi idan ya ɗauki wuta sosai. Abin da ke tura mota mai nauyi a gindin hawa shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, da kuma inda injin ke ba da shi, yana juyi a hankali ko sai ya yi kururuwa. Kamar sa ne da doki: doki ya fi gudu, amma ranar huɗa sa ake ɗaura wa garma.

Toyota Hilux, wadda ta cika hanyoyin Arewa, ta isa misali. Injinta na fetur mai lita 2.7, wato 2TR-FE, wanda ake yawan gani a motocin gwamnati da na jami'an tsaro, yana da doki wajen 164, ƙarfin murɗawarsa kuwa 245 Nm, kuma ba ya kaiwa nan sai yana juyi 4,000 a minti. Injin gas mai lita 2.4 da turbo, 2GD-FTV, dokinsa bai wuce 150 ba, wato a takarda ya gaza na fetur. Amma a samfurinsa mai ƙarfi yana ba da 400 Nm tun daga juyi 1,600. Babban wansa mai lita 2.8, tun gyaran da aka yi masa a 2020, yana kaiwa 500 Nm idan aka haɗa shi da giya otomatik. A kan hawa, direban fetur zai sauko lamba biyu ya danne totur, injin na ihu, allurar mai na sauka. Direban gas zai wuce shi a lamba uku ba hayaniya.

Da a nan zancen ya tsaya, da kowa gas zai saya. Amma sabbin injinan gas suna fesa mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi da matsi mai tsanani, kuma ba sa yafe gurɓataccen mai. Gas ɗin jarka da ya sha ƙura ko ya haɗu da ruwa yana iya kashe nozul da famfon mai, gyaransu kuwa sai an nemi mai na'urar gwaji a babban birni, motar na zaune, kaka na wucewa. Injin fetur na 2.7 kusan kowane gareji ya san cikinsa, kayansa kuma ba sa wuyar samu. Akwai kuma tsohon injin gas mai lita 3.0 marar turbo, 5L-E, wanda Toyota ta daɗe tana sayarwa a ƙasashen Afirka: ƙarfin murɗawarsa bai kai 200 Nm ba, tafiyarsa ta haƙuri ce, amma ya fi sabbin jure man da ake samu a ƙauye. Su kuwa manyan na Amurka da ake shigowa da su na hannu, irin Tundra mai silinda takwas da lita 5.7, ba a ja musu wajen ƙarfi, domin suna haura 540 Nm. Sai dai tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, mai irin wannan mota yana tunani sau biyu kafin ya tada ta zuwa Kontagora.

Inda masu saye suka fi yin sakaci shi ne giya, musamman wadda ba a gani. Bayan giyar da direba ke sauyawa da hannu, akwai wata a cikin tulun aksil ɗin baya, ƙaramin haƙori na juya babba, kuma ita ba ta sauyuwa sai an kwance. Idan aka ce aksil 4.10 ne, ana nufin farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta zaga sau ɗaya. Motocin Toyota suna zuwa da lambobi daban-daban, irin su 3.58 da 3.91 da 4.10 da 4.30 da 4.56. Babbar lamba tana ninka ƙarfin da ke isa ƙasa, ta rage gudu, ta ƙara shan mai a kan doguwar kwalta. Ƙaramar lamba tana sa mota ta yi laushi a hanyar Sakkwato ba kaya, amma da an ɗaura tirela sai kuloci ya fara biyan bashin. Tsakanin 3.58 da 4.10 akwai bambancin ƙarfi kusan kashi 15 cikin ɗari, da inji ɗaya, da mai ɗaya. Ko kamfanin da ya yi Tundra, da duk girman injinta, aksil 4.30 ya sa wa wadda aka shirya don jan kaya.

Tsofaffin direbobin da suka yi zamani da Peugeot 404 da 504 akori-kura, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya harhaɗa, sun san wannan a aikace ko da ba su san lambar ba. Injin fetur ɗin waɗannan motoci bai wuce lita biyu ba, amma an yi musu giyar ɗaukar kaya, shi ya sa suke rarrafawa da lodi su haye inda ake zaton za su tsaya.

Ana iya gane lambar aksil ba tare da an kwance komai ba. A motocin Toyota akwai ɗan faranti a ɗakin inji ko a jikin ƙofa mai ɗauke da lambar giya da ta aksil, amma tsohuwar mota da ta ratsa hannaye da yawa ba lallai abin da ke rubuce ya zama shi ne a ƙarƙashinta ba. Bakanike mai lura yakan sa weji a tayoyin gaba, ya ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ya saki birkin hannu, ya bar giya a firi. Sai ya ja layi da alli a jikin tayar, ya ja wani a jikin farfela. Yaronsa zai juya tayar a hankali har zagaye biyu cif, shi kuma yana kwance a ƙasa yana ƙirga sau nawa allin farfela ya wuce ta gabansa. Idan ya ƙirga huɗu da ɗan kaɗan, 4.10 ce. Idan uku da rabi da ɗoriya, 3.58 ce. Aikin minti biyar ne, kuma ya fi rantsuwar dillali amfani.

Wannan gwajin ya zama dole ga wanda zai sauya aksil da na hannu daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. A mota mai jan ƙafa huɗu, tilas lambar gaba da ta baya su zo ɗaya. Idan suka saɓa, ranar da aka sa agzilari, wato giyar jan ƙafa huɗu, tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye a tsakani. Shi kansa agzilarin, ƙaramar giyarsa tana ninka ƙarfi fiye da sau biyu da rabi a Hilux, abin da ke fitar da tirela daga laka ko daga kwarin rafi ba tare da an ƙona kuloci ba. Amma na ƙasa mai santsi ne da yashi. A kan busasshiyar kwalta ana cire shi.

Sai taya. Samari na son manyan tayoyi domin mota ta yi kwarjini, kuma gaskiya suna ɗaga cikinta daga duwatsu. Abin da ba a faɗa musu shi ne babbar taya tana cinye giya. Idan aka cire ta kamfani mai tsayin inci 30 da rabi aka sa mai inci 33, aksil 4.10 zai koma aiki kamar 3.80. An sayi ado da kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙarfin ja.

Duk wannan bayan an san nauyin kayan ne, kuma a nan ne buhu ke ba mutane mamaki. A ɗauka mutum zai ja buhu 20 na masara, kowane kilo 100. Tan biyu ke nan. Tirelar da mai walda ya haɗa da ƙarfe mai kauri, a ce kilo 600. Jimla 2,600. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan nauyi ya sauka a kan ƙugiyar da ke bayan mota, domin idan gaban tirela ya yi sakayau, da an ɗan yi gudu za ta fara wutsiya tana jan motar hagu da dama. Wato aƙalla kilo 260 na zaune a kan sifirin ɗin baya. Hilux mai gida biyu abin da za ta ɗauka a jikinta bai fi tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. A cire 260, a cire majiya ƙarfi biyar masu lodi, wajen 350, abin da ya rage wa bodi bai kai buhu huɗu ba. Wanda ya saba ganin yadda ake cika bodi a kasuwar Bena zai yi dariya, amma sifirin da ke karyewa da tayar da ke fashewa a tsakiyar daji ba su san wasa ba. Mai tankin ruwa shi ma ya riƙe cewa lita 1,000 tan ɗaya ce, kuma tankin da bai cika ba ya fi hatsari, domin ruwan na tunkuɗa gaba duk lokacin da aka taka birki.

Hawa na ƙara nasa. A tudun da ke tashi mita ɗaya cikin kowace mita goma, kusan kashi ɗaya cikin goma na dukkan nauyin mota da tirela yana jan su baya. Tan biyar a haɗe, rabin tan ke nan da injin zai yi ta kokawa da shi har ƙoli. Kamfanonin motoci a Amurka suna da ma'aunin da ake kira SAE J2807, inda ake gwada mota da tirela a dogon hawan Davis Dam ta jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi yana kaiwa haka har ya wuce. Saboda haka lagireto mai tsabta da fanka mai aiki suna cikin lissafin inji, mai giya otomatik kuma ya nemi a ƙara masa abin sanyaya man giya, ya daina barin motar tana neman lambar sama a kan hawa.

Sai birki. Lambar nauyin ja da ake tallata sabbin Hilux na gas da ita, kilo 3,500, ta tirela mai birkin kanta ce. Marar birki kilo 750 kawai aka yarda ta kai. Galibin tirelolin da ake haɗawa a bakin hanya ba su da birki ko kaɗan, wato tan biyu da rabi na tura mota daga baya a gangara, birkin mota huɗu ne kaɗai ke tare su, kuma idan suka yi zafi sukan daina kamawa. Direban da ya san aiki yana sauka da lambar da ya hau da ita, ya bar inji ya riƙe motar. Wanda zai riƙa jan fiye da tan ɗaya a kai a kai, kuɗin sa wa tirela birki ya fi cancanta da a fara kashewa kafin na babban inji.

Idan aka haɗa duka, manomin da jansa na kaka ne kawai, kayansa kuma ba su wuce tan ɗaya da rabi ba, injin fetur na 2.7 da giyar hannu da aksil 4.30 ko 4.56 da tayar kamfani sun ishe shi, kuma zai sami mai gyara a cikin Zuru. Ɗan kasuwar da ke jan tan biyu zuwa sama kowane mako tsakanin Zuru da Rijau da Kontagora, ko ta hanyar Dabai da Mahuta zuwa Koko, gas mai turbo ne nasa, muddin yana da gidan man da ya amince da shi, yana kuma sauya matatar mai kafin lokacinta. Kowanne daga cikinsu ya duba cewa ƙugiyar a jikin shasi aka ɗaure ta da kusoshi, ba a bamba aka liƙa ta da walda ba, da sarƙa biyu na ko-ta-kwana da fitilun baya masu aiki. Kafin a biya kuɗin mota kuma, a nemi mai ita ya yarda a ɗaura tirelar da lodinta, a tsaya cak a tsakiyar hawa, a sake tashi, ana sauraron kuloci ana kallon allurar zafi.