Jiragen saman da kogin Kwara ya taɓa zame wa filin sauka

Mutanen Illo da Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, daf da iyakar Jamhuriyar Benin, sun san kogin Kwara a matsayin hanyar kwale-kwale da wurin su. Sai dai a farkon zamanin sufurin sama, wannan kogi ya yi wa matuƙa jirage amfani na daban.

A watan Oktoban 1926 wasu hafsoshin sojan ruwan Faransa biyu, Marc Bernard da René Guilbaud, suka taso daga Faransa zuwa Madagaska da jiragen sama masu sauka a kan ruwa. Sun bi kogin Kwara tun daga Bamako, ta Timbuktu da Gao, har zuwa Lakwaja, inda injin jirgin Guilbaud ya lalace. Bernard ya ci gaba, ya isa Madagaska a watan Nuwamba.

Dalilin bin kogin kuwa shi ne, a wancan lokaci filayen jirgi ba su da yawa a Afirka, amma ga ruwa shimfiɗe.

Yadda jirgin yake

Cikin irin wannan jirgi tamkar na jirgin ruwa yake, injinansa kuma a sama suke domin kada ruwa ya taɓa farfela. Wasu nau'o'in na da tayoyin da ake naɗewa, don haka suna sauka a ruwa da kuma tudu. Irinsu kamfanin Aéromaritime ya yi amfani da su, samfurin Sikorsky S-43, tsakanin Dakar da Kwatano daga 1937.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, filayen da aka gina domin yaƙin suka sa kamfanoni suka koma ga jiragen tudu, waɗanda suka fi sauri da sauƙin kulawa.

Aikin farfaɗo da su

Jirgin da ya fi shahara a wannan rukuni shi ne Catalina na Amurka, wanda ya fara tashi a 1935. An ƙera fiye da 3,000, amma ƙalilan ne ke tashi a yau.

Babban abokin gābar masu gyaransu shi ne ruwa, musamman na gishiri, domin yana cin ƙarfen goran-ruwan da aka yi jikin jirgin da shi. Dole a cire ƙusoshi, a sauya faranti, a toshe duk inda ruwa zai shiga. Kayan gyaran injin ma sai an tona.

A watan Oktoban 2020 wani Catalina da aka ƙera a 1943, mai mazauni a Duxford ta Ingila, ya maƙale a tafkin Loch Ness na Scotland saboda matsalar inji. Sai da jama'a suka yi karo-karo aka sauya injin, ya tashi a watan Disamba.

Ko za su amfani Kebbi?

Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasa rayukansu, ya nuna ƙarancin kayan ceto a kogin. Ƙasar Japan na aikin ceto a teku da sabon jirgi samfurin US-2, to amma tsofaffin jirage ba za su iya wannan ɗawainiya ba, saboda tsadar kulawa. Ga kuma tsibiran yashi, da kututture, da tarun masunta, waɗanda ke iya fasa cikin jirgi yayin sauka.

Abin da mazauna bakin kogin suka fi buƙata shi ne rigunan ceto, da jiragen ruwa masu inganci, da hana ɗaukar fasinja fiye da ƙima.